Zan tafi karatu Indunusiya: me ake ci a can, kuma yaya ake zaman cin abinci da mutanensu?

Baban Hafsa, Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan wata tafiya da ke gabana. Cikin ikon Allah na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin noma a wata jami'a da ke birnin Yogyakarta, a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya. Idan takardu sun kammala zan tashi bayan damina, sannan maiɗakina da 'yarmu ƙarama su biyo ni daga baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abinci. Ni mutumin tuwon masara da miyar kuka ne, da safe kuma kunu da ƙosai, alhali abin da nake ji shi ne mutanen can shinkafa suke ci safe da rana da dare, ga halittun ruwa iri-iri waɗanda ban saba da su ba. Wani ya ce mini tunda ƙasar Musulmi ce in ci duk abin da aka ajiye a gabana ba tare da tambaya ba, wani kuma ya ce in cika jaka da kilishi da garin tuwo domin ba zan iya kai komai nasu bakina ba. Maiɗakina tana fama da gyambon ciki, ba ta jure yaji, kuma an ce mutanen can ma'abota barkono ne. Ina roƙon wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini gaskiyar lamarin: me ya kamata in riƙe daga gida, yaya zan tabbatar da halascin abin da nake ci, kuma waɗanne ladubba ne zan kiyaye idan malamina ko maƙwabci ya gayyace ni gidansa, domin ba na so in ba da kunya a wurin da ake kallona a matsayin wakilin mutanen gida. Allah ya saka da alheri.

Alhaji Baba, Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sa albarka a karatun, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Ni falke ne, na daɗe ina saro yadi da kayan sawa a kasuwar Tanah Abang da ke Jakarta, don haka zan fara maka da hanya, domin sai an isa lafiya ake maganar abinci.

Indunusiya tana tsananta wa ɗan Najeriya a kan biza fiye da yadda take yi wa mutanen ƙasashe da yawa, kuma dole ne a samu wanda zai tsaya maka daga can. Kai jami'arka ce za ta tsaya maka, saboda haka kada ka sayi tikiti sai bizar ta fito, kada kuma ka miƙa fasfo ɗinka ga ɗan kamasho alhali ofishin jakadancinsu yana Abuja. Ka riƙe katin rigakafin shawara a jikinka. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga nan zuwa Jakarta, sai ka yada zango a Doha ko Dubai ko Santambul, kuma agogonsu yana gaban namu da awa shida, wato idan ana fitowa daga sallar asuba a Gombe su rana ta kusa take tsaka a wurinsu. Daga Jakarta akwai jirgin sama zuwa Yogyakarta, akwai kuma jirgin ƙasa daga tashar Gambir, wanda na fi so ga baƙo, domin ta tagarsa za ka ga gonakin shinkafa tun daga bakin layin dogo har gindin duwatsu, ka fahimci dalilin da ya sa ba su ɗauki abinci a matsayin abinci ba idan babu shinkafa a ciki.

Maganar da nake so ka riƙe da hannu biyu ita ce ta saƙo. Kada ka karɓi ƙunshin kowa, ko a filin jirgin Kano ko na Abuja ko a inda kuka yada zango, ko da mai ba ka ya rantse maka cewa yaji ne kawai zai aika wa ƙaninsa. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa ga kisa, kuma a 2015 da 2016 an zartar da shi a kan wasu 'yan Najeriya. Wannan ne ya sa ake binciken jakunkunanmu fiye da na kowa. Saboda haka ban goyi bayan kilishin nan da aka ce ka ɗauka ba, domin nama yana cikin abin da jami'an kula da shigowar dabbobi da tsirrai suke tsarewa. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, idan za ka ɗauka, ka zuba kowanne a roba mai bayyana abin da ke ciki, ka rubuta sunansa, ka kuma ambace shi a takardar kwastam. Garin da ba a san ko mene ne ba a jakar ɗan Najeriya yana iya jawo zaman awoyi a ɗakin bincike.

Kuɗinsu rupiya ne, babbar takardarsu ta 100,000 ce, ja. Ba a canza naira a can, kuma masu canji suna ƙin tsohuwar dala ko wadda ta yamutse, don haka ka nemi sababbi. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, ka sayi adafta tun daga nan. A hagu suke tuƙi, ka riƙa duban dama kafin ka tsallaka titi. Alƙiblarsu kuwa yamma ce, ta ɗan karkata arewa, kuma a yawancin ɗakunan otal za ka ga kibiya a jikin rufi tana nuna ta.

A kan abinci, shawarata ga sabon zuwa ita ce ya fara da gidan cin abincin Padang, wanda za ka samu a kowane gari. Mutanen Minangkabau ne na yammacin Sumatra, Musulmi ne masu riƙo, kuma girkinsu ya fi kusa da harshenmu. Za ka gane gidan daga waje da faranta da aka jera bisa juna a cikin gilashin taga. A manyan gidajen, da zarar ka zauna sai yaro ya zo da ƙananan faranta goma sha wani abu a jere bisa hannunsa guda, ya shimfiɗe su a gabanka: naman sa da aka dafa da madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙone ya yi duhu, wanda suke kira rendang, da soyayyar kaza, da kan kifi cikin romo, da dafaffen ganyen rogo, da koren barkono daka. Kada yawan ya tsorata ka, abin da ka taɓa kaɗai za ka biya, sauran a mayar. Akwai kuma ƙaramin kwano na ruwa da yankin lemun tsami a ciki, wannan na wanke hannu ne, ba na sha ba. Da hannu ake ci, hannun dama, kamar dai a gida. Ranar da kewar gida ta taso maka a Jakarta kuwa, akwai masu gasa naman rago irin na mutanen Afirka ta Yamma a kewayen Tanah Abang.

Maman Khalil, Pantami, Gombe

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa haka yake, sai dai zan ƙara daga ɓangaren madafa, domin na zauna a Yogyakartan nan tare da maigidana lokacin da yake karatu, kuma zaman mai gida ya bambanta da na ɗan kasuwa mai kwana a otal.

Ƙanena, mutanen biyu da suka ba ka shawara kowanne ya wuce gona da iri. Gaskiya ne mafi yawan jama'ar ƙasar Musulmi ne, babu ƙasar da ta kai ta yawan Musulmi sai ko Pakistan da ke goga kafaɗa da ita, kuma tun 2014 suna da doka a kan tantance halal, ana buga tambarinta a jikin kayan abinci da ƙofofin gidajen cin abinci. Amma ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000 da addinai daban-daban. A Bali yawancin mutane mabiya Hindu ne, kuma gasasshen alade yana cikin manyan abincinsu. Ko a cikin Yogyakarta akwai wuraren da za ka kiyaye. Kalmar babi ita ce alade, wani lokaci sukan rubuta B2 a allo maimakonta, B1 kuma naman kare ne, haka ma abin da ake kira sengsu. A gidajen abincin 'yan asalin Sin ka tambaya ko an sa kitsen alade ko giyar girki, kuma swike ƙafar kwaɗo ce. Tambaya ba abin kunya ba ce a wurinsu, kuma na lura mai sayarwa da kansa yakan dakatar da kai idan ya ga hula a kanka ko hijabi a jikin matarka. In ban da waɗannan, ɗan ƙaramin shagon abinci na unguwa, wanda suke kira warung, ka ci da kwanciyar hankali. Halittun ruwa kuwa, malamanmu na Malikiyya da nasu na Shafi'iyya duk sun halatta su, saura sabo kawai.

Abin da zai ba ka mamaki a Yogyakarta ba yaji ba ne, zaƙi ne. Abincin da garin ke alfahari da shi, gudeg, ɗanyen wani ƙaton ɗan itace ne mai suna nangka, ana dafa shi awoyi da madarar kwakwa da sukarin kwakwa mai ruwan ƙasa har ya yi ja, a ci da shinkafa da kaza da ƙwai, kuma zaƙinsa a bayyane yake. Suna da wani baƙin romon waken suya mai kauri da zaƙi wanda suke zubawa a soyayyar shinkafa da taliya da nama. Idan ka ce a kawo shayi ka yi shiru, da sukari zai zo, sai ka ce teh tawar idan ba ka so. Wannan ya yi wa matarka daɗi ta wani gefen, domin yajinsu, sambal, yawanci a gefen faranti ake ajiye shi ko a wani kwano dabam, mai so ya ɗiba. Ta koyi cewa tidak pedas, wato ban da yaji, ta kuma yi hattara da girkin Padang ɗin da Baba Alhaji ya yaba, domin barkonon nasa a cikin romon yake, ga maiƙo. Abin da zai karɓe ta shi ne soto, romon kaza mai ruwa-ruwa, da faten shinkafa da kaza da ake sayarwa da safe, da miyar alayyafo ko zogale marar mai.

Ban ga dalilin ɗaukar garin tuwo ba. Ka aika ta kasuwar unguwa da sassafe, ko ku je Beringharjo da ke kan titin Malioboro, za ta tarar da alayyafo da zogale da rogo da dankali da gyaɗa da tsamiya da citta da kanumfari da masara, har busasshen zoɓo ana samu. Shinkafarsu mai laushi ce, tana tuƙuwa sosai, ga garin shinkafa a kowane kanti, saboda haka tuwo ba zai gagare ku ba, masa ma na sha yi. Awara tana ko'ina da araha, tahu suke ce mata, kuma akwai ɗan'uwanta tempe, waken suya ne da aka bari ya kama jikinsa a cikin ganyen ayaba, a yanka a soya. Shi ne naman talaka da ɗalibi, domin naman sa yana da tsada, kaza da ƙwai da kifi ne masu sauƙi. Kai da ka karanta noma za ka ji daɗin ganin petai, wasu korayen 'ya'ya masu ƙarfin wari da suke soyawa da barkono, domin itacen dangin ɗorawarmu ne. Abin da na nema na rasa shi ne gero da dawa da kuka da nono irin na rugga, sai kuma jan manja, duk da cewa babu ƙasar da ta kai su noman kwakwar manja a duniya, domin tacewa suke yi ya zama farin mai. Don haka kuka da daddawa da ɗan garin kunu su ne suka cancanci wuri a jakarka. Idan kwaɗayin tsire ya taso, ka nufi yankin Bantul da ke kudu da gari ka nemi sate klathak, naman akuya ne da ake tsirewa a kan ƙarfe a gasa da gishiri kawai, ba tare da zaƙin da ke cikin sauran tsirensu ba.

Ladabin cin abinci kuwa, Bahaushe ba zai sha wahala ba, domin mutanen Jawa masu kara ne da kawaici. Ka cire takalmi a bakin ƙofa. Idan an ajiye maka shayi da ɗan abin taɓawa, kada ka kai hannu sai mai gida ya ce monggo ko silakan, wato bismillah, kuma babba shi ke fara ɗiba. Kada ka ƙi abin da aka ba ka ƙememe, ka ɗanɗana ko kaɗan ne. Ka ɗibi kaɗan da farko domin za a matsa maka ka ƙara, kuma ƙarin yana faranta wa uwargida rai. Karɓa da miƙawa duk da dama ne. Idan an kawo cokali, cokalin ci a dama yake, mai yatsu a hagu don tura abinci, ba a kawo wuƙa. Ka kira malaminka Pak, matarsa Bu, kuma idan za ka gifta ta gaban manya a zaune ka ɗan rusuna ka sauke hannun dama. Ɗaga murya a wurinsu babban aibi ne, ko da kai ne mai gaskiya, wannan kam sai ka riƙa tuna wa kanka, domin yadda muke hira da ƙarfi sukan ɗauka faɗa ne.

A walimarsu za ka ga an kawo shinkafa rawaya an tsira ta kamar dala a tsakiyar tire, kewaye da ƙwai da kaza da ganye. Tumpeng ke nan, ana yanke ƙololuwarta a miƙa wa wanda aka fi girmamawa a wurin, don haka kada ka fara ɗiba daga sama. Maƙwabta kuma za su riƙa aiko muku da abinci a kwali idan sun yi suna ko addu'ar mamaci. Matarka ta karɓa da fara'a, ta kuma rama da nata girkin, ni dambun shinkafa da zogale ne ya buɗe mini ƙofofin unguwarmu. Suna da al'adar tsaraba kamar mu, saboda haka ka riƙe wa malaminka hula zanna ko wani aikin fata.

Abu Maryam, ma'aikacin jinya, Fadaman Mada, Bauchi

Malam, zan taƙaita a kan lafiya. Ba a shan ruwan famfo a can sai an tafasa, mutanen gari ma ruwan gora suke saye ko su dafa, kuma ka yi taka-tsantsan da ƙanƙarar da ake sa wa abin sha a bakin titi har cikinka ya saba. Ka zaɓi mai abincin da ake layi a gabansa, wanda ake soyawa a kan idonka, ka bar wanda ya daɗe a ajiye cikin zafi, musamman mai madarar kwakwa domin tana saurin lalacewa. Ɗaya daga cikin cututtukan da ke damun tsibirin Jawa shi ne zazzaɓin dengi, kuma sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, yana ƙaruwa a daminarsu wadda takan kama daga wajen Nuwamba zuwa Maris, daidai lokacin da mu muke cikin hunturu. Gidan sauro da dare kaɗai bai wadatar ba, a riƙa shafa wa yarinyar maganin sauro da ya dace da shekarunta. Idan zazzaɓi ya zo kada ka ɗauka maleriya ce ka fara shan magani da kanka, kada kuma a sha asfirin, a je asibiti a auna jini. Maganin gyambon cikin uwargida ta taho da shi a cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Baban Hafsa, Jekadafari, Gombe

Baba Alhaji, Yaya Maman Khalil, Malam Abu Maryam, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na cire kilishi daga lissafi. Saura tambaya guda: azumi zai same ni a can kafin iyali su iso, yaya ɗalibi marar mai girki yake yi da buɗa-baki da sahur?

Maman Khalil, Pantami, Gombe

Wannan kada ya dame ka, ƙanena. Tsawon yininsu bai cika sauyawa ba saboda suna kusa da tsakiyar duniya, alfijir yana ketowa wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, rana ta faɗi wajen shida. Daga la'asar tituna suke cika da masu sayar da kayan buɗa-baki, kuma wanda ya fi shahara shi ne kolak, ayaba da dankali da aka dafa cikin madarar kwakwa da sukari. Masallatai suna ciyarwa kyauta, masallacin unguwar Jogokariyan ma ya yi suna a duk ƙasar saboda dubban faranta da yake rabawa kullum, kuma masallatan jami'o'i suna yin nasu. Da sahur akwai shagunan da ke buɗewa tun ƙarfe uku a unguwannin ɗalibai, amma ka sayi 'yar tukunyar dafa shinkafa ta lantarki tun makon farko, ita da ƙwai da tempe sun ishe ka.

Ka sani kuma wani lokaci ranar salla takan bambanta tsakanin sanarwar gwamnati da ta ƙungiyar Muhammadiyya, wadda a garin Yogyakartan aka kafa ta a 1912, don haka ka bi masallacin unguwarka ba tare da jayayya da kowa ba. Kwanakin ƙarshen azumi miliyoyin mutane suke barin birane su koma garuruwansu, tikitin jirgin ƙasa yakan ƙare tun makonni kafin lokacin, kuma masu warung da yawa suna rufewa har bayan salla. Ka tanadi abincin mako guda a ɗaki, kada kuma ka sa iyali su sauka Jakarta a wannan tsakanin, ka bari sai an yi mako biyu da salla. Ranar idi za a gayyace ka cin ketupat, shinkafar da ake dafawa cikin saƙar ganyen kwakwa, da kaza cikin farin romo, kuma gida uku ko huɗu na iya kiranka a yini ɗaya, saboda haka ka ci kaɗan a gidan farko.